Ni Biyu, Ita Biyar

Ranar da Auta ta fara ganinsa a makare ta iso, jakarta a buɗe, tana haki saboda hawa uku da ta yi a ƙafa. Ɗakin ya cika da mutane bibbiyu, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. Kujera ɗaya ce ta rage, a gaban wani dogon saurayi mai tabarau da ya ajiye ƙaramin agogon auna lokaci a kan tebur.

"Ke ce sabuwar? Zauna," ya ce. "Minti biyu kike da shi a kowace amsa."

Duk Asabar da safe ake wannan zama. Masu neman aikin furodak manaja ne, wato mutumin da ke tsayawa tsakanin kwastomomi da masu haɗa manhaja, ya yanke abin da za a fara ginawa da abin da zai jira. Intabiyun aikin ba a shigarsa da ka, shi ya sa wata dattijuwa da kowa ke kira Anti ta haɗa waɗanda suka riga suka samu aikin su riƙa yi wa masu nema gwaji. Wannan na gabanta yana cikin masu tambayar, kuma tuni aka laƙaba masa Mai Agogo.

Ya danna agogon. "Manhajar kai kaya gida-gida ta rasa kashi goma cikin ɗari na kwastomominta a wata ɗaya. Daga ina za ki fara?"

Daɗi ya kama Auta. Shekara uku ke nan tana zaune a teburin karɓar ƙorafi na irin wannan kamfani, waya manne a kunne daga safe zuwa yamma.

"Masu babur ne. Latti suke yi."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni nake ɗaga waya. Kullum sai an zage ni a kan latti."

"Waɗanda suka kira ki kika ji. Waɗanda suka goge manhajar suka tafi shiru fa, kin ji nasu?"

Bai jira amsarta ba. Ya sunkuya kan kwamfutarsa ya rubuta mata maki biyu cikin biyar a shafin da kowa na guruf ɗin masu gwajin ke iya buɗewa, da sharhi a gefe: "Kin san kwastoma fiye da duk wanda ke ɗakin nan, amma kina yanke hukunci kafin ki yi tambaya."

Ta sauko daga benen tana rantsuwa ba za ta ƙara taka wurin ba. Mutum sai ka ce ba shi da jini a jiki, ko murmushi babu. Sai dai a hanya ta kama kanta tana tuna yadda ya ɗago ya kalle ta sau ɗaya, sannan ya yi saurin mayar da idonsa kan agogo. Asabar ta gaba ita ce ta fara zuwa, tun mai shara bai gama ba.

Haka aka fara. Ya koya mata ta yi tambaya uku kafin ta ba da amsa ɗaya. Ya koya mata shirya labarai shida daga rayuwar aikinta, na saɓani, na kuskure, na lokacin da ta ce wa babba a'a, kowanne ta faɗi halin da ake ciki, abin da ta yi, da abin da ya biyo baya. Makinta bai taɓa wuce uku ba. Amma saƙonninsa sun fara wuce maganar gwaji.

"Uwar Sauri, kin yi karatun yau? Tambayar gobe: me ya sa kike son wannan aikin?"

"Saboda na gaji da ba mutane haƙuri a kan abin da ba ni na lalata ba. Ina so in zama mai gyarawa."

"Wannan amsar ta fi duk wadda kika taɓa ba ni. Ina da wata tambaya da ba ta cikin jerin. Akwai wanda ya riga ni?"

Auta ta bar saƙon ya yi minti arba'in kafin ta amsa, don kada ya ce ta yi gaggawa. "Babu, Malamina."

Bayan wata biyu ya zo gaishe da mahaifinta. Abba kafinta ne, shagonsa manne da gidan, kuma mutum ne da ba ya yarda da aikin da ba zai iya taɓawa da hannu ba.

"Kai kake haɗa manhajar?"

"A'a, Abba, injiniyoyi ne."

"To kai kake sayar da ita?"

"A'a."

"Kai ne shugabansu ke nan."

"A'a, ba na ba kowa umarni."

Da ya tafi, Abba ya karkaɗe garin katako daga rigarsa ya ce wa Umma shi fa bai ga sana'a a nan ba, a'a uku kawai ya ji. Bai hana ba, bai kuma amince ba. Ya ce a bar shi ya yi tunani.

Ana cikin haka Anti ta gano su. Wata Asabar ta tsaya a bayansu, ta ga agogo ya haura minti huɗu Auta na ta zuba, Mai Agogo ya tallafi haɓa yana kallonta.

"Dokar wurin nan ɗaya ce," in ji Anti. "Mai son ka ba ya yi maka gwaji. Ko ya sassauta maka, ko ya matsa maka fiye da ƙima. Auta, daga yau ni zan riƙa tambayar ki. Kai kuma ga sabuwa ta zo, ka ɗauke ta."

Sabuwar lauya ce da ta gaji da kotu, ana ce mata Barista. Doguwa, mai sanyin murya, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan tayil, turarenta kuwa sai ya yi minti biyar a wurin da ta bari. Auta ta dube ta daga sama har ƙasa, ta nemi aibu ɗaya ta rasa, abin ya ƙara mata haushi. Da ta ji kuma kujera ɗaya suke nema a kamfani ɗaya, ranar intabiyu ɗaya, sai wani abu ya tokare mata ƙirji.

Kishi ne, ba sai an sa masa wani suna ba. Auta dama tun tana ƙarama ko kofinta wani ya sha ruwa da shi sai an yi rigima, balle yanzu.

Abin da ya fara dagula mata lissafi shi ne Mai Agogo da Barista ba a babban ɗaki suke zama ba. Anti ta ba su ƙaramin ɗakin ciki mai ƙofar gilas. Auta na zaune gaban Anti, jikinta a nan, idonta a can. Ta ga ya miƙa wa Barista robar ruwa. Ta ga ya ajiye agogon a gefe, bai ma danna shi ba. Ita da ya taɓa katse ta a tsakiyar kalma saboda daƙiƙa biyar.

"Ina jin ki," Anti ta ce. "Yaya za ki auna nasarar sabon maɓallin biyan kuɗi?"

"Da ruwa," in ji Auta, sannan ta farga. "Afuwan, Anti. Ki maimaita."

Ranar Litinin a hutun rana ta buɗe shafin maki a ofis. Barista: huɗu. Washegari aka ƙara wani layi, huɗu. Ranar Alhamis, biyar. Ashe har tsakiyar mako suke zama. Sharhin ma ba irin nata ba ne mai tsawo da gyare-gyare. "Madalla, kin kai ƙarshe." "Yau kin burge ni." Auta ta karanta "kin burge ni" har sai da kalmomin suka daina kama da rubutu, ta ture abincinta gefe.

Ta rubuta masa: "Ashe kana da biyar a aljihu. Ni na ɗauka ƙidayarka a uku ta tsaya."

"Uwar Sauri, makin kowa da dalilinsa. Kin gyara labarinki na huɗu?"

"Je ka tambayi Barista nata."

"Zuciyata, akwai abin da ba ni da ikon faɗa, amana ce. Ki yarda da ni."

Amana. Yau har akwai amana tsakaninsa da wata, wadda ita ba za ta ji ba. Da ya yi shiru ma da ya fi mata sauƙi.

A nan Auta ta yi abin da mai shirin zama furodak manaja kaɗai zai yi. Ta buɗe sabon shafi ta ja layuka: kwanan wata, tsawon zama, maki. Ita zama bakwai a wata biyu, ba ta taɓa haura uku ba. Barista zama tara a mako uku, ba ta taɓa sauka ƙasa da huɗu ba. Har zane ta fitar mai layi biyu, ɗaya na rarrafe a ƙasa ɗaya na tashi sama. Ta kalli zanen ta ce ai magana ta ƙare, alƙaluma ba sa ƙarya. Ba ta tambayi Anti ba, ba ta tambayi Barista ba, shi ma ba ta tambaye shi kai tsaye ba, sai habaici.

Da yamma Umma ta same ta a kicin tana yanka albasa, hawayen sun fi ƙarfin albasar.

"Ke, lafiya?"

Auta ta zazzage komai, har da abin da ba ta gani ba. Ɗaki mai ƙofa, zaman tsakiyar mako, amana, kujerar da yake shirya wata ta ƙwace mata.

Umma ta riƙe haɓa. "Dama ni tun farko raina bai kwanta ba. Namijin da zai zauna da mace awa guda yana mata tambayoyi, yana ce mata ta burge shi? Ki ce kin tsira."

Kafin a ɗauke kwanukan abincin yamma magana ta kai kunnen Abba. Ya kira ta ya ce, "Na ji. Ki gaya masa kada ya ƙara zuwa ƙofar gidan nan. Dama ina neman dalili." Auta ta ji wani ɗan sanyi na wanda aka goyi bayansa, amma sanyin bai kai minti ɗaya ba ya koma nauyi.

Duk da haka ta tura saƙon. "Abba ya ce kada ka ƙara zuwa. Ni ma na ce haka. Allah Ya ba ɗalibarka sa'a."

Amsarsa ta shigo kafin ta rufe lambar. "Ban yi miki laifin da kike zato ba, amma na ji maganar Abba, ba zan zo ba. Labarinki na huɗu har yanzu ƙarshensa bai fito ba, ki gyara shi kafin ranar. Ina son ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba."

Ta toshe shi. Ta kuma gyara labari na huɗu, tana gyarawa tana tsaki.

Kwana goma sha biyu ta yi a haka. Ta daina zuwa zaman Asabar, ta riƙa yi wa madubi gwaji. Madubi kuwa ba ya katse mutum, ba ya cewa wa ya gaya miki, duk abin da ta faɗa daidai ne. Ta rame, ta yi wa kwastomomi biyu tsawa har aka kira ta ofishin shugaba. Kullum sai ta buɗe shafin maki ta ga ko an ƙara layi, kuma kullum an ƙara.

Ranar intabiyu ta isa da wuri, aka ba ta kati ta rataya a wuya, aka nuna mata kujerun jira a hawa na shida. Ba ta ga Barista ba. Ta shiga banɗaki ta gyara mayafi, sai ta ji wani irin numfashi a kusurwa, kamar na mai ciwon asma.

Barista ce tsugunne kusa da wurin wanke hannu, takalman nan masu ƙara a ajiye gefe.

Auta ta tsaya. Wani ɓangare na zuciyarta ya ce ta juya ta fita abinta. Amma shekara uku na kwantar da hankalin mutanen da ba ta sani ba suka rinjaye ta, ta tsuguna.

"Kalle ni. Ja numfashi a hankali. Sake ja. Kin ci wani abu yau?"

Barista ta girgiza kai. Sai da ta ɗan dawo hayyacinta ta ce, "Wannan ne na shida. Sau biyar ina shiga intabiyu, da an jefo tambaya sai kaina ya ɗauke, in kasa magana. Na ƙarshen kuka na fashe da shi a gabansu. A kotu ma abin da ya kore ni ke nan."

"Ke? Ke da kike cin huɗu da biyar?"

Barista ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Wane biyar? Anti ce ta ce kada a auna kyan amsata tukuna. Makina na kaiwa ƙarshe ne kawai. Huɗu, na tsaya sau ɗaya. Biyar, na gama ban yi kuka ba. Da irin ma'auninki ya auna ni, ko ɗaya ba zan samu ba. Ni na roƙe su kada kowa ya sani, kunya nake ji."

Auta ta ce, "Zaman tsakiyar mako fa?"

"A ofishin Anti, tana zaune tana aikinta." Barista ta share ido ta dube ta sosai. "Ba zan ɓoye miki ba, na so shi. Wa zai zauna da mai haƙuri irin wannan bai ji komai ba? Na gwada, ya ce mini an riga ni. Kuma na gaji da jin labarinki. Duk misalin da zai kawo sai ya ce akwai wata da ta san kwastoma kamar tafin hannunta."

Kishin Auta ya ɗan ɗago kai a kan "na so shi", don ba a raba ta da halinta a minti ɗaya. Amma kunya ta danne shi. Ta ɗauko takalman ta ajiye a gaban Barista, ta ciro biskit daga jaka ta ba ta.

"Ci wannan. In kanki ya ɗauke, ki ce su ba ki daƙiƙa goma, ba laifi ba ne. Tashi ki wanke fuska."

Auta aka fara kira. Mutum uku ne a bayan dogon tebur, mace ɗaya a tsakiya da maza biyu. Suka tambaye ta yadda za ta inganta manhajarsu ga tsofaffi, ta yi tambayoyinta uku kafin ta amsa. Suka ba ta buƙatu huɗu da injiniya biyu kacal, ta zaɓi ɗaya ta faɗi dalilin jinkirta sauran. Sannan matar ta rufe takardar gabanta.

"Ki ba mu labarin lokacin da kika tabbata kina da gaskiya, da alƙaluma a hannunki, amma ya zamana kin yi kuskure."

Auta tana da shiryayyen labari a kan wannan, na huɗun nan da ta gyara. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Na kwatanta makin mutum biyu a shafi ɗaya," ta ce a hankali. "Ɗaya na samun biyu, ɗaya na samun biyar, mai ba da makin mutum ɗaya ne. Na yanke cewa son kai yake yi. Na zana jadawali, na kai ƙararsa, aka ɗauki mataki a kansa. Ashe ba abu ɗaya ake aunawa ba. Lambobin gaskiya ne, ni ce ban tambayi me suke nufi ba. Mutum uku ne za su iya gaya mini a minti ɗaya, ban tambayi ko ɗaya ba, saboda na riga na zaɓi amsar da nake tsoro."

"Yaushe kika gano?"

"Minti arba'in da suka wuce."

Ɗaya daga cikin mazan ya ɗago daga rubutunsa. Matar ta ce, "Me kuskuren ya jawo miki?"

"Ban sani ba tukuna. In na fita daga nan zan je in tambaya."

A matattakalar bene ta buɗe lambarsa.

"Malamina, na haɗu da Barista, ta gaya mini komai. Na zalunce ka, na kuma ɓata ka a wurin iyayena. Ba ni da hujja sai kishi. Tambaya nake yi, ba hukunci ba: akwai sauran wuri?"

Minti uku suka yi mata kamar wuni.

"Wurinki ba wanda ya zauna. Yaya intabiyun? Kin yi tambaya kafin ki amsa?"

Ta zauna a kan matakala ta yi kuka mai isarta, mutane na ratsa ta suna wucewa.

Sai dai buɗe lamba abu ne mai sauƙi. Ƙofar da ta sa Abba ya rufe ita ce aikin. Ta same shi a shago da la'asar yana goge ƙafar tebur, ta durƙusa a cikin garin katako ta faɗi komai, ba ta rage wa kanta laifi ba. Umma na bakin ƙofa tana ji, tana ta gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba.

Abba bai daina gugar ba sai da ta gama. "Ke kika kawo ƙara, ke kika janye. Kin ɓata sunan ɗan mutane, wannan tsakaninki da shi ne. Amma tawa tambayar tana nan. Har yau ban san me yake yi ba. Ya zo gobe."

Washegari Mai Agogo ya zo ya gaishe shi. Abba ya nuna masa kujeru biyu, ɗaya mai jingina da hannu, ɗaya gajeriya marar baya.

"An ce in yi guda ashirin. Wacce zan yi?"

"Abba, wa zai zauna a kai?"

"Teloli."

"Awa nawa suke yi a zaune? Kekensu na ƙafa ne ko na wuta?"

Abba ya ɗan karkato. "Rabi da rabi."

"To gaskiya ban sani ba, Abba. Sai na je na ga yadda suke zama. Mai keken ƙafa hannun kujera zai iya takura shi. Da ni ne, ɗaya-ɗaya zan kai musu su yi mako a kai, sannan in yanka katakon sauran."

Abba ya kalle shi. "Aikin naka ke nan?"

"Shi ke nan, Abba."

"Shekara talatin ina yin sa, ban san har intabiyu ake masa ba." Ya ja gajeriyar kujerar ya zauna. "Saura ɗaya. 'Yata tana da kishi, ka gani da idonka. A wurin uwarta ta gado. Yaya za ka yi da shi?"

Daga bayan ƙofa aka ji Umma ta yi gyaran murya.

"Ni ma da nawa laifin," in ji Mai Agogo. "Na ga tana cikin damuwa, na ce mata amana ce na tsaya a nan. Da na ce ta je wurin Anti, da ba a kai haka ba. Ba zan tona sirrin kowa ba, amma ba zan ƙara barin ta ita kaɗai da zato ba. Kishinta kuwa ina so, Abba, in dai za ta riƙa faɗa mini da bakinta."

Abba ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Ka turo manyanka."

Takardar ɗaukar aiki ta iso wa Auta bayan mako biyu. Barista ba ta samu ba, amma ta amsa tambayoyinta duka har ƙarshe, kuma ta kira Auta da kanta ta gaya mata, muryarta cike da murna. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure.

A wurin walima Anti ta zauna a sahun gaba tana gaya wa duk wanda ya saurare ta cewa dokarta ce ta kusa raba su, kuma ba za ta soke ta ba. Can sai ga Barista ta shigo cikin shiga mai ruwan zuma, ta yi kyau har mutane na waiwaye. Ta rungumi amarya, ta gaishe da ango daga nesa, ta nemi wuri ta zauna.

Auta ta ji abin nan ya taso mata, tsohon abokinta, daidai inda ya saba tokarewa. Ta bi idon angonta ta ga inda yake kallo. Kanta har ya fara haɗa lissafi. Sai ta matsa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Nawa, kishi nake ji."

Ya juyo gaba ɗaya. "Na wa?"

"Na Barista. Na ga ka kalli wajen."

"Bayanta na kalla. Umma ce ke ta yi mini alama in gyara hulata." Ya taɓa hular, ashe kuwa ta karkace. "Na gode da kika faɗa mini, Zuciyata. Gobe ma in ya zo ki faɗa."

"Zai zo fa."

"Na sani. Ina nan."

Da za a tafi da amarya, Abba ya riƙe hannunta ya sa a na mijinta. Mutumin da bai iya doguwar magana ba, ranar sai da muryarsa ta karye.

"Ga ta nan, da halinta mai kyau da wanda ka sani. Ke kuma, abin da ya dame ki ki tambayi mijinki kafin ki tambayi zuciyarki. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya, Ya sa ku tsufa kuna yi wa juna magana."

Umma ta ce amin tana share hawaye, jama'a suka amsa. Auta ma ta ce amin a ƙarƙashin mayafinta, ta ƙara damƙe hannun da aka ba ta.